Yadda Ake Halartar Taron Tsofaffin Ɗalibai Ba Tare da An Tsufa Ba

Kafin mu shiga darasi, sai ka gyara wata fahimta da ka taso da ita. An koya maka cewa mutum yana ƙara shekara ɗaya duk bayan wata goma sha biyu. Haka abin yake a kan gama-garin jama'a, irin su direbobi da 'yan kasuwa da surukai da maƙwabta. Bai shafi waɗanda kuka yi aji ɗaya da su a jami'a ba. Su shekarunsu sun tsaya cak tun ranar da aka karɓi takardar jarrabawar ƙarshe. Amfanin taron tsofaffin ɗalibai shi ne a haɗu a duba, a tabbatar babu wanda ya gusa daga inda aka bar shi.

Kada sunan taron ya ruɗe ka. Kalmar "tsofaffin" ɗalibcin take siffantawa, ba ɗaliban ba. Tsohon gwamna yana iya zama ɗan shekara arba'in da biyar mai jini a jika. Kai ma haka kake.

Mu ɗauka a Samaru ka yi karatu, a Jami'ar Ahmadu Bello, kuka fita a 1998, yanzu kuma an sanar a zauren WhatsApp na ajinku cewa za a yi taron cika shekara 25. Ita jami'ar an buɗe ta a 1962, kuma an yarda ta tsufa, tunda ba ta da abokan aji. Ga matakan da kai za ka bi.

Mataki na ɗaya: daidaita shekaru

Kowane ɗan aji yana da shekaru iri uku, kuma wajibi ne ka iya rarrabe su. Akwai shekarun haihuwa, waɗanda mahaifiyarka ce kaɗai ke riƙe da su, ita ma da alamomi take lissafi: shekarar canjin hannu, wato 1972, ko shekarar da naira ta kori fam, wato 1973, ko daminar da katangar gidan kakanka ta faɗi. Akwai shekarun takarda, waɗanda aka samo a kotu ta hanyar rantsuwa. Akwai kuma shekarun taro, waɗanda ake shiga da su zaure a fita da su.

Shekarun takarda ba da ka aka tsara su ba, lissafi ne mai dalili. Shirin yi wa ƙasa hidima, wanda aka kafa a 1973, ba ya ɗaukar wanda ya haura talatin lokacin da ya gama digiri. Yajin aikin malamai kuma yakan mayar da karatun shekara huɗu ya zama biyar ko shida. A ɗaya ƙarshen, aikin gwamnati yana sallamar mutum idan ya cika sittin a duniya ko talatin da biyar a ofis. Wanda aka matse tsakanin waɗannan katangu biyu, dole ya nemi shekarar haihuwa da za ta shige ba tare da ta gogu ba. Da yawa daga ajinku sun samu 1974 ta yi musu daidai. Shi ya sa za ka tarar kusan rabin ajin a shekara ɗaya aka haife su, da dama kuma ranar 1 ga Janairu.

Abin da ke rusa wannan gini shi ne ƙarfin tunawa. Idan hira ta gangara kan tarihi, wani ya ambaci ranar da aka kashe Janar Murtala, 13 ga Fabrairu 1976, ka kama bakinka. Kada ka ce, "Ai ina tunawa, muna aji uku, hedimasta ya sallame mu." A takarda shekararka biyu a lokacin, kuma ko shirin ba da ilimi kyauta na wannan shekarar bai kai ga sa ɗan yaye a aji uku ba. Idan kalmar ta riga ta kuɓuce, kada ka firgita. Babu wanda zai tanka maka, domin waɗanda ke zaune kusa da kai suna aji huɗu ranar.

Ƙa'idar ita ce: kada ka tuna komai da ya faru kafin canjin kuɗi na 1984. Daga nan zuwa gaba filinka ne. Wasan da Najeriya ta ci Barazil 4 da 3 a gasar Olympics ta Atlanta a 1996 amintacce ne ƙwarai, kana iya ba da labarinsa sau uku a zama ɗaya.

Haka batun 'ya'ya. Idan an tambayi ɗanka na fari, ka ce, "Yana nan, ya ɗan tasa." Ba sai ka ƙara da cewa shi ya tuƙo ka zuwa Zariya, ko cewa matarsa ta haihu watan jiya ba.

Mataki na biyu: shirin maza

Ba a fafe gora ranar tafiya. Furfura tana fitowa ne idan saiwar gashi ta daina samar da launi, kuma gashi yana tsiro kimanin santimita ɗaya a wata. Daga waɗannan bayanai biyu za ka fitar da ranar rini. Idan ka rina mako uku kafin taro, farin layi zai bayyana a gindin gemu kamar fentin gefen titi. Idan ka rina daren taro, rinin zai kama fata, ka isa da gemu biyu, ɗaya na gashi ɗaya na zane. Kwana uku ne daidai.

Ka kula da zurfin baƙin. Akwai wani baƙi irin na gindin tukunya wanda ko ɗan shekara ashirin ba a halicce shi da shi ba. Don kauce wa zargi, ka bar fararen gashi bakwai zuwa tara a ƙasan haɓa. Waɗannan su ne furfurar wakilci. Aikinsu su nuna wa jama'a cewa ba ka da abin ɓoyewa. Idan kuma ka ga gemun ɗan'uwanka ya soma toka a hoton da ya sa a zaure, shafa wa naka.

Sanƙo ba ya buƙatar magani, hula yake buƙata. Ka zaɓi zanna mai zurfi wadda ke sauka har saman kunne, ka sa ta tun daga gida, kada ta bar kanka sai da larura ta shari'a. Tumbi kuma babbar riga ce maganinsa. Magabata da suka tsara a ɗinka wa mutum ɗaya yadi goma na shadda sun san abin da suke yi. A cikin babbar riga babu mai iya cewa ga inda kai ka ƙare ga inda iska ta fara.

Saura tabarau. Bayan shekara arba'in ido yakan daina ganin abin da ke kusa, sai mutum ya riƙa miƙa takarda nesa har hannu ya ƙare. Tunda kai ba ka kai nan ba, ka bar tabarau a mota. Idan an miƙo maka jadawalin taro, ka dube shi na daƙiƙa biyar, ka gyaɗa kai, ka ce masu buga takardu na yanzu ba su da tausayi. Na kusa da kai zai tabbatar.

Mataki na uku: shirin mata

Idan ke ce mai karatu, Hajiya, naki aikin ya fi tsawo, sai ki ba ni hankalinki.

A 1998, a ɗakin kwananku na Amina, kayan aikin uku ne: hoda, kwalli, jan-baki. Madubin rabi ne, ku huɗu kuke amfani da shi, kuma cikin minti biyar kin fita lacca. Manufar kwalliyar yau ita ce a dawo da waccan fuskar ta minti biyar. Aikin yana ɗaukar mako guda.

Ana farawa da dilka da halawa, ilimin da ya zo mana daga Sudan ta hanyar Barno, domin a share fili. Kwana biyu kafin taro a zauna wa mai lalle. Ranar taro, bayan asuba, mai kwalliya za ta iso da akwatin ƙarfe mai hawa uku irin na makaniki. Yarinya ce da aka haifa bayan kin karɓi digiri, kuma za ta kira ki Anti idan an biya ta da kyau. Tsarin aikinta tsarin magini ne: a wanke bango, a cike ramuka, a yi yaɓe, a bari ya sha iska, a yi fenti, sannan a bi da hoda don kada damina ta yi ɓarna.

Gira tana da nata babin. Za a rage wadda kika zo da ita duniya, a zana wata sama da ita kaɗan. Wannan yana ba fuska yanayin mamaki na dindindin, wanda za ki buƙata duk yini, domin mutum sittin za su gaya miki ba ki canza ba, kuma ladabi ne ki nuna kin yi mamaki kowane karo. Da girar ta ɗauke miki wannan nauyi, sai ki huta.

Ki lura da kan iyaka. Fuska ƙasa ce, wuya ƙasa ce, kuma ba kullum launin tutarsu ke zuwa ɗaya ba. Mayafi ne jami'in da ke tsaron wannan iyaka. Ki yafa shi ta yadda babu mai ƙetarawa da ido.

Yanayi ma yana cikin lissafi. A watan Afrilu zafi a Arewa yakan haura digiri 40, kuma babu yaɓen da ke jure wannan. Shi ya sa kwamiti mai hankali ke sa taro a Disamba. Sai dai hunturu yana busar da gini har ya tsage, musamman a gefen ido da gefen baki, inda dariya ke bi. Don haka ki auna dariyarki. Murmushi kyauta ne. Ƙyalƙyalewa sau uku aka yarje miki, ki adana su don labaran da suka cancanta. Runguma kuwa kafaɗa da kafaɗa ake yi, fuska na kallon gabas. Ankon da aka yanko a Kantin Kwari kuɗi aka sa, bai kamata ƙawarki ta koma gida da rabin kumatunki a mayafinta ba.

Mataki na huɗu: gaisuwa

Da ka isa bakin zaure za ka ga wani dattijo a tsaye, mai kamala, yana dafe da ƙugu. Zuciyarka za ta ce maka wannan ɗaya daga cikin malamanku ne da aka gayyato, gwiwarka ta soma lanƙwasa don gaisuwa. Dakata. Wanda kuka yi shekara biyu kuna cin gari a kwano ɗaya ne. Shi ma a daidai wannan lokacin yana shirin durƙusa maka.

Jimlar da aka tanada ita ce: "Kai, mutumina! Kana nan yadda kake!" Ka dubi ingancin ginin wannan jimla. Yana nan, babu shakka, ga shi a gabanka. Kuma yadda yake, haka yake. Babu ƙarya ko ta ƙwayar zarra a ciki, don haka ba ka buƙatar haɗawa da rantsuwa. Shi kuma zai amsa, "Ai kai ne ba ka tsufa, Alhaji, me kake ci?" Kada ka ba da amsa. Ba tambaya ba ce, rasit ne.

Idan sunan ya ɓace maka, akwai sunaye na ko-ta-kwana: Alhaji, Hajiya, Yallaɓai, Ranka-ya-daɗe, ƙawata, mutuniyar. Da su za ka iya yin awa biyu kana hira mai zurfi da mutum, har ku yi musayar lamba. A wayar sai ka rubuta "Ɗan aji mai hula ruwan toka". Laƙabin makaranta kuwa ba ya faɗuwa. Wanda ake kira Siriri a 1995 Siriri ne har yau, ko da sai an cire wa kujera hannu kafin ya zauna.

Mataki na biyar: tuna baya

Hira tana da dokoki huɗu, kuma an gina su ne don kowa ya samu wurin zama.

Ta farko, kowa ya sha yunwa. Kowa ya rayu a kan garin kwaki da ƙuli-ƙuli da suga ƙulli ɗaya, kowa ya dafa wake a risho har kananzir ya ƙare waken bai nuna ba. Wannan ya haɗa da wanda direban babansa ke kawo masa kuloli uku duk Juma'a. Idan ya ba da labarin yunwarsa, ka tausaya masa, ko da kai ne ke wanke kulolin bayan kun cinye.

Ta biyu, babu wanda ya taɓa samun kari-oba. Kowa ya kwana a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim har sai an kaɗa ƙararrawa. Idan ka tuna cewa wani ya shigo kafin ku da shekara biyu amma kuka fita tare, dalilin shi ne zumunci: jiran ku ya yi.

Ta uku, malamin da ya fi tsanani yana ƙara tsanani kowace shekara. A taron cika shekara goma ya kayar da rabin aji. A na shekara 25 ya kayar da kowa har da waɗanda ba su yi rajistar kwas ɗinsa ba. Kada ka haɗa wannan da doka ta biyu. Dokokin ba sa gaisawa.

Ta huɗu, duk namijin da ya taɓa tsayawa a ƙofar Amina da yamma, saura ƙiris ya auri tauraruwar aji, shi ne ma ya janye saboda karatu. Tauraruwar tana teburi na uku tana nuna hoton jikarta. Ba ta san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, tana kiran su duka Alhaji.

Yanzu ga haɗarin. Hira tana da gangare, kuma gangaren yana kaiwa asibiti. Alamar farko, wani zai ture lemo ya nemi ruwa marar sanyi. Ta biyu, wani zai zaro ƙwaya daga aljihu ya haɗiya a sace. Ta uku, wani zai ce, "Wane likita kake gani?" Cikin minti biyar za ka ga manyan mutane suna gwada awon hawan jini kamar yadda suke gwada makin jarrabawa a da, da bambanci ɗaya: yanzu mai ƙaramin maki shi ne zakara, kuma wanda ya ce nasa 120 bisa 80 ne za a dube shi da irin idon da ake duban mai satar amsa. Da ka ji an ambaci zogale ko tafarnuwa, ka ɗaga murya ka ce, "Kun tuna ranar da…" Ba sai kana da ranar ba. Wani zai kawo.

An ce zumunci a ƙafa yake, amma ba a yi bayanin gwiwa ba. Idan za ka tashi daga kujera, akwai wani sauti da ke fita daga bakin mutum ba da izninsa ba. Ka haɗa shi da gyaran murya, ko ka mayar da shi salati. Tabarma kuwa kada ka kusance ta. Zama a kanta ba wuya, amma tashi sai an kafa kwamiti.

Mataki na shida: hoto da baƙin ido

Lokacinku babu wayar GSM, sai a 2001 ta shigo. Mai hoto ne ke yawo da kyamara a wuya, fim ɗinsa mai ɗaukar 36, ya ɗauke ka sau ɗaya, ka jira mako guda, abin da ya fito shi ne kai. Yau an samu ci gaba. Za a ɗauka sau arba'in, a zaɓi ɗaya, a bi shi da filta har hancin kowa ya kusa ɓacewa, sannan kwamitin mata ya duba kafin a sake shi. Kai aikinka ka tsaya a sahu na biyu, ka ja numfashi ka riƙe idan an ce "ɗaya". Idan mai ɗauka ya tsaya gyara wani abu bayan ya ce "biyu", ka daure. Ba a taɓa jin wanda ya rasu a wannan matakin ba.

Babban abin tsoro shi ne ɗalibin yanzu. Za ka fito shan iska, wani yaro mai tarbiyya ya rusuna ya ce, "Sannu Baba, kawo jakar in riƙe maka," ko ya ce wa tauraruwar aji, "Mama, ga kujera." Ka waiwaya bayanka, domin da wani yake. Idan babu kowa a bayan, yaron yana da matsalar ido, kuma abin tausayi ne a shekarunsa. Ka ba shi jakar.

Mataki na bakwai: la'asar

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Duk tsarin da muka gina tun daga mataki na biyu, ruwan buta ɗaya yana iya kwance shi. Maza su nemi famfon da ke bayan gini, inda za a cire hula a mayar ba tare da shaidu ba. Idan ka tarar da ɗan ajinku a can kansa yana ƙyalli, ku gaisa da ido, kowa ya dubi butarsa. Mata ƙwararru sukan yi alwala kafin mai kwalliya ta fara aiki, su riƙe ta har yamma, wanda shi ne ainihin dalilin da ya sa ba su taɓa lemon ba.

Wadda riƙon ya kuɓuce mata za ta dawo zaure da wata fuskar. A nan wani abu yakan faru wanda ya kamata ka shirya masa: za ka gane ta. Tun safe kana kiran ta Hajiya, sai yanzu sunanta na gaskiya zai faɗo maka, har da kujerar da take zama a aji da irin biron da take ara ba ta mayarwa. Wannan tangarɗa ce ta na'ura, ba a gano musabbabinta ba tukuna. Ka kira ta da sunan, tunda ya riga ya zo.

Bayan salla sakatare zai miƙe da takarda, ya ari tabarau, ya ce a yi wa waɗanda suka riga mu gidan gaskiya addu'a. Zai karanto sunaye. Za su fi yadda ka zata yawa. A lokacin wani zai zagayo da tsohon hoton aji, wanda mai kyamarar nan ya ɗauka sau ɗaya a gaban sashenku, kowa siriri, kowa da gashi. Za ka ga waɗanda aka karanto a ciki, ɗaya ya ɗora hannu a kafaɗarka. Su ne kaɗai 'yan ajin da suka cika ƙa'idar wannan darasi ba tare da rini ko hoda ba. Kada ka daɗe kana kallo, akwai masu jira. Idan ka ga kwalli yana gangarowa a kumatun tauraruwar aji, ko ka ji naka idon yana yaji, ƙurar hunturu ce. An riga an yi bayani cewa a Disamba ake taron.

Daga nan sai sallama. Ka koma gida, ka cire hula, ka rataye babbar riga, ka saki numfashin da ka riƙe tun ƙarfe goma. Ka sha ƙwayar dare, ka shafa man zafi a gwiwa biyu. Hajiya kuma ta wanke kwalliyar, wadda zuwa yanzu ta biya kuɗin sabulu. Sauran rinin a rufe shi da kyau, akwai taron cika shekara 30.

Abu na ƙarshe kafin ka kwanta, ka shiga zauren WhatsApp ka rubuta: "Alhamdu lillahi, kowa yana nan yadda yake. Allah ya maimaita mana." Idan haruffan sun yi maka ƙanana, ka ƙara girmansu a saitin wayar. Daga can ɓangaren ba a gani.